"Muna Yi Miki Addu'a": Kaɗaici a Tsakiyar Ikkilisiya

Akwai wani zato da ya zauna mana daram, cewa kaɗaici ciwon Turawa ne. Wanda ya tashi a gidan gandu, ya sa hannu a kwano ɗaya da 'yan'uwansa, ranar Lahadi kuma ya je majami'ar da benci ba ya isar jama'a, ina zai samo kaɗaici? Shi ya sa lokacin da Birtaniya ta naɗa minista musamman domin wannan matsala a Janairun 2018, Japan kuma ta bi sahu a 2021, abin ya yi kama da almara a kunnen mutanenmu. To amma rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Yunin 2025 ya nuna akasin haka. Mutum ɗaya cikin shida a duniya yana fama da kaɗaici, kuma a ƙasashe matalauta adadin ya kai kusan kashi 24 cikin ɗari, alhali a ƙasashe masu arziki bai wuce kashi 11 ba. Rahoton ya danganta mutuwar mutane fiye da 871,000 a kowace shekara da wannan hali.

In mutum ya zauna ya yi tunani, ba abin mamaki ba ne. Talauci yana raba mutane. Kuɗin mota ya hana ziyara, kuɗin kati ya hana kira, kunyar zuwa biki hannu rabbana ta sa mutum ya ce ba ya jin daɗi ya zauna a gida. Sannan yawan jama'a bai taɓa zama magani ba. Mutum na iya kwana a ɗaki ɗaya da mutum shida, ya tashi babu ko ɗaya da ya san abin da ke cin zuciyarsa.

Tambayar da ke gaban Kirista ita ce: idan ɗan'uwa ko 'yar'uwa suka shiga wannan hali, me za a ce musu, wace irin addu'a za a yi, kuma ina addu'ar za ta tsaya?

A fara da duba su wane ne. Gwauruwa ce kan gaba. Ranar da aka yi rasuwa, gidan ba masaka tsinke. Zumuntar Mata sun zo da ankonsu da tukwanensu, mawaƙa sun kwana suna waƙa, fasto ya yi wa'azi mai ratsa jiki, dattawa sun zauna a ƙofar gida suna karɓar ta'aziyya. Wannan abu ne da ikkilisiyoyinmu suka iya ƙwarai, kuma ya cancanci yabo. Sai dai bayan mako biyu an kwashe kujerun haya, baƙi sun koma garuruwansu. Bayan wata uku wayarta ta daina ƙara. Idan dangin miji masu ido a kan gona ne ko gida, su ma sun zama abin tsoro maimakon abin dogara. Idan kuma da sauran ƙuruciyarta, wasu matan aure da take hira da su a da sukan fara ja da baya, ba tare da kowa ya furta dalili ba. Ranar Lahadi a bakin ƙofa sai a riƙe hannunta a ce, "Sannu Mama, muna yi miki addu'a." Ta ce, "Na gode, Ubangiji ya saka." Ta koma ɗakin da ta fito, sai wata Lahadin.

Akwai waɗanda rikici ya tumɓuke. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya (EYN), wadda ta samo asali a Garkida a 1923, ta ga abin da ba a fata a shekarar 2014: yawancin 'yan matan Chibok da aka sace a watan Afrilu 'ya'yanta ne, a watan Oktoba kuma Boko Haram ta mamaye hedkwatarta da ke Kwarhi. Jama'a suka watsu zuwa Yola, Jos, gefen Abuja, wasu har sansanin Minawao a Kamaru. Dattijon da a ƙauyensu ba a yanke magana sai da shi, yau yana zaune a bencin baya a wata majami'ar birni inda babu wanda ya san sunan mahaifinsa. An ba shi masara da bargo, kuma ya gode. Amma wanda zai zauna ya tuna masa da mutanen da suka sani tare, babu.

Akwai wanda bangaskiyarsa ta raba shi da gidansu, wanda ranar biki ba shi da ƙofar da zai shiga a ce masa ɗanmu ya zo. Akwai matar da ta shekara goma da aure ba haihuwa, wadda kowace hidimar miƙa jariri takan zame mata ranar haɗiye hawaye. Akwai saurayi mai bautar ƙasa a garin da bai san kowa ba, yana da abokai dubu a Facebook, zazzaɓi ya kwantar da shi babu mai sayo masa magani. Kada kuma a manta da fasto kansa da matarsa. Kowa yana kawo musu nasa kaya, amma ba kasafai ake samun wanda zai tambaye su yadda suka kwana da gaske ba, su kuma suna tsoron faɗa, don kada maganar ta zaga gari.

Amsar da aka fi ba irin waɗannan mutane ita ce: "Kana da Yesu, me zai sa ka ji kaɗaici?" Mai faɗar haka yawanci da zuciya ɗaya yake faɗa, kuma akwai gaskiya a ciki, domin alkawarin kasancewar Allah tare da mutanensa ya ratsa Littafi Mai Tsarki daga farko har ƙarshe. Matsalar ita ce abin da mai kaɗaicin ke ji a ƙarƙashin maganar. Shi dai abin da ya shiga kunnensa shi ne bangaskiyarsa ta yi rauni. Ya zo da nauyi ɗaya, ya koma da biyu, na biyun kuwa laifi ne. Gobe ba zai sake buɗe baki ba.

Littafin Farawa bai goyi bayan wannan amsa ba. A sura ta 2, abu na farko da Allah ya ce ba shi da kyau a cikin halittarsa shi ne zaman mutum shi kaɗai. Wannan kuwa tun kafin zunubi ya shigo, lokacin da babu abin da ya shiga tsakanin Adamu da Mahaliccinsa. Allah bai ce masa ai ga ni, na ishe ka ba. Ya yi masa wani mutum. Ke nan marmarin samun ɗan'adam kusa ba alamar nisa da Allah ba ne, haka aka gina mu. Yesu kansa, a daren da za a bashe shi, ya ɗauki Bitrus da Yakubu da Yohanna zuwa cikin lambun Getsamani, ya gaya musu irin baƙin cikin da ke ransa, ya roƙe su su zauna a faɗake tare da shi. Sau uku yana dawowa yana tarar da su suna barci. Wanda ya fi kowa kusanci da Uba ya nemi abokan zama a daren wahalarsa. Wane ne kuma za a tuhuma da ƙarancin bangaskiya don ya nemi haka? A zamaninmu ma, wasiƙun Uwa Teresa ta Kalkata da aka wallafa a 2007, shekara goma bayan rasuwarta, sun nuna ta yi shekaru masu yawa tana jin kamar Allah ya yi nisa da ita, tana kuwa ci gaba da wanke gyambon marasa galihu.

Labarin da ya fi buɗe wannan al'amari a ganina shi ne na annabi Iliya a 1 Sarakuna sura 19, kuma ya kamata a bi shi a hankali. Iliya ya fito daga babbar nasara a Dutsen Karmel, sai saƙon barazanar Yezebel ya iso, ya gudu. A Biyer-sheba ya bar baransa, ya shiga jeji tafiyar yini guda shi kaɗai. A lura da wannan: mutumin da zai yi kukan cewa shi kaɗai ya rage, da hannunsa ya sallami mutum ɗayan da ke tare da shi. Haka kaɗaici yake aiki. Yana sa mutum ya ƙi ɗaga waya, ya ƙi buɗe ƙofa, sannan ya ɗauki shirun da ya biyo baya a matsayin shaida cewa babu mai son sa. Iliya ya zauna a gindin wani itace ya roƙi mutuwa.

Me Allah ya fara yi? Bai yi masa wa'azi ba. Ya bar shi ya yi barci. Mala'ika ya tashe shi ya ba shi gurasa mai zafi da tulun ruwa, ya ci ya sake kwanciya, aka sake tashinsa ya ci karo na biyu. Sai da ya yi tafiyar kwana 40 ya isa Horeb kafin aka yi masa tambaya, kuma da ya zazzage kukansa, an bar shi ya maimaita shi kalma da kalma har sau biyu ba a katse shi ba. Wani abin lura shi ne, a surar da ta gabata Obadiya ya riga ya gaya masa cewa ya ɓoye annabawa 100 a cikin kogo yana ciyar da su. Iliya ya san ba shi kaɗai ba ne, amma sanin bai hana shi jin haka ba. Wannan darasi ne ga masu saurin kawo hujja: ba a fitar da mutum daga kaɗaici da gardama. A ƙarshe ne aka gaya masa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba, aka ba shi aikin da zai koma ya yi, aka kuma ambata masa sunan Elisha. Abu na farko da ya yi da ya sauko shi ne neman wannan saurayi a gonar da yake huɗa. Abinci, barci, sauraro, gyara a hankali, aiki, sannan aboki mai suna. Mu kan fara daga gyara, sau da yawa kuma a nan muke tsayawa.

Abokan Ayuba su uku sun fi mu a farkon zuwansu. Sun yi kwana bakwai a ƙasa tare da shi, ba wanda ya ce uffan. Ɓarnar ta fara ne da suka buɗe baki suna neman dalilin wahalarsa, har Allah ya tsauta musu a sura ta 42.

To, ita addu'ar fa? Kada wani ya fahimci cewa ana rage mata daraja. Abin da ake cewa shi ne akwai bambanci tsakanin yi wa mutum addu'a daga nesa da yin addu'a tare da shi a ɗakinsa, a kan tabarmarsa, da sunansa a bakinka. Na farko yana da amfani, amma shi mai kaɗaicin ba ya ji. Na biyu kuwa, tun kafin a ce amin an riga an amsa wani sashe na roƙon, tun da ga mutum ya shigo.

Abu na biyu shi ne gaskiya a cikin addu'ar. Mun saba da addu'ar nasara, mai ƙarfin murya, mai umarni da tsawatawa. Tana da wurinta. Amma cikin Zabura 150, kusan kashi ɗaya cikin uku kuka ne da ƙorafi. Zabura 102 ta mutumin da barci ya ƙaurace masa ce, yana ganin kansa kamar tsuntsun da ya rage shi kaɗai a kan rufin ɗaki. Zabura 142 daga cikin kogo aka yi ta, inda mai addu'ar ya duba bai ga wanda ya kula da shi ba. Zabura 88 ta fi su duka nauyi, domin ita ba ta juya zuwa yabo a ƙarshe kamar sauran ba, ta ƙare ne a kan rashin abokai da duhu. An bar ta a cikin littafin, ba a gyara mata ƙarshe ba. Tun da aka kammala fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa a 1932 waɗannan surori suke hannunmu, amma sau nawa ake karanta su a kan bagade? Wanda ba ya iya haɗa kalmomin kansa saboda nauyin zuciya, a buɗe masa ɗaya daga cikinsu a karanta tare. Zai gane cewa abin da yake jin kunyar faɗa wa Allah, wasu sun riga sun faɗa, kuma ba a kore su ba.

Idan za a yi addu'a da baki, ta zama gajeriya, ta kuma taɓa abin da yake ciwo. Misali, a wurin gwauruwa ana iya cewa: "Ya Uba, ga Mama a gabanka. Ka san yadda dare yake yi mata tsawo tun da Baba ya tafi. Ka san lokacin da takan ɗora tukunya ta tuna ba ta da wanda za ta zuba wa. Ba mu da maganar da za ta cike wannan gurbi, kai ma ba mu roƙe ka ka sa ta manta da shi ba. Ka ba ta barci yau. Ka riƙe ta a sa'ar da babu kowa kusa. Ka gafarta mana da muka daɗe ba mu zo ba, ka kuma hana mu sakewa har sai mun dawo. A cikin sunan Yesu." Irin wannan addu'a tana da haɗari ga mai yin ta, don ta ɗaure shi. Wanda ya roƙi Allah ya aiko wa Mama mutane, ya kamata ya sa a ransa cewa mai yiwuwa shi ne na farkon da za a aika. Hausawa sun riga sun faɗa, zumunci a ƙafa yake. Wasiƙar Yakubu ma a sura ta 2 ta yi tir da wanda zai sallami mayunwaci da fatan alheri kawai.

Bulus ya nuna yadda kasancewar Allah da buƙatar mutane ke tafiya tare ba tare da ɗaya ya kore ɗaya ba. A sura ta ƙarshe ta wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Timoti, yana kurkuku a Roma, ya ce a zaman shari'arsa na farko kowa ya yashe shi, amma Ubangiji ya tsaya tare da shi ya ƙarfafa shi. A wannan sura dai, ya lissafa waɗanda suka tafi, ya ambaci Dimas da ya gudu, ya ce Luka kaɗai ya rage, ya roƙi Timoti ya yi hanzari ya zo kafin sanyi ya kama, ya taho da Markus, ya kuma ɗauko masa alkyabbar da ya bari a Taruwasa da littattafansa. Tsohon da ya shaida kasancewar Ubangiji a gaban alƙali shi ne mai jin sanyi yana ƙirga kwanakin zuwan ɗansa a cikin bangaskiya.

Shi kuma wanda ke cikin halin, akwai nasa rabon, ko da yake a nan sai a yi magana da taushi. Ɗan'uwa, abin da zuciyarka ke gaya maka da ƙarfe biyun dare ba duka ne gaskiya ba. Mutane da yawa da kake ganin sun share ka, kunya ce ta hana su zuwa, sun daɗe ba su zo ba har ba su san da wace fuska za su shigo ba. Ka zaɓi mutum ɗaya, ba taro ba, ka gaya masa a fili cewa zaman ya yi maka nauyi. Idan ana neman mai share majami'a, ko mai koyar da yara a makarantar Lahadi, ko mai raka wani asibiti, ka miƙa kanka. Sau da yawa abota takan ƙullu ne a wajen aiki, ba a wajen neman abota ba. Kuma kada ka daina zuwa sujada don ba ka jin komai a ciki. Jin yakan tafi ya dawo.

Akwai iyakar da dole a sani. Idan mutum ya yi makonni ba ya barci, ba ya cin abinci, abin da yake so a da ya fita ransa, ko ya fara cewa gara ma ya mutu ya huta, to an wuce kaɗaici an shiga ciwon damuwa, kuma ciwo ne da likita ke dubawa kamar hawan jini. A tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, kuma kada a bar shi shi kaɗai. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Maiduguri, da Kware a jihar Sakkwato, manyan asibitocin koyarwa ma suna da wannan sashe. A farkon 2023 Nijeriya ta samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958. Ɗora wa irin wannan mutum azumin kwana bakwai, ko kai shi wurin fitar da aljanu kafin a kai shi asibiti, zalunci ne ko da da kyakkyawar niyya aka yi. Mala'ikan da aka aiko wa Iliya abinci ya kawo masa.

Saura batun tsari, domin kyakkyawar zuciya kaɗai ba ta isa ba, kowa yakan ɗauka wani ya je. Ikkilisiyar farko a Urushalima ta gamu da wannan. Ayyukan Manzanni sura 6 ta nuna an riƙa tsallake gwauraye masu jin Helenanci wajen rabon abinci na kullum, wato baƙi a cikin jama'a, waɗanda harshensu ya bambanta. Manzanni ba su ce a ƙara addu'a kawai ba. An zaɓi mutum bakwai da sunayensu, har da Istifanas, aka danƙa musu aikin, kuma dukansu sunayen Helenanci gare su. Majalisar dattawan da ke iya sanin ko nawa aka tara na baiko har zuwa naira ta ƙarshe, tana iya sanin wanda ya yi Lahadi uku bai zo ba, da wanda watansa na huɗu ke nan da rashi, ta kuma ce wane da wance ku ne za ku je. Kuɗin motar masu ziyarar ma ya fito daga asusu, don su ma ba masu hali ba ne.

A nan dole a sara wa Zumuntar Mata. A ECWA da COCIN da EYN da HEKAN da sauransu, su ne suka fi kowa sanin wadda ta haihu, wadda ke kwance, wadda mijinta ya daina kawo cefane. Inda gibin yake shi ne wajen maza. Namiji an horar da shi kada ya nuna rauni, kuma hirar maza bayan sujada ba ta wuce siyasa, farashin taki da ƙwallo. Tsohon da matarsa ta rasu bayan shekara 40 da aure yakan fi gwauruwa shiga uku, don ita ce ke riƙe masa zumunci da dangi da maƙwabta, da ta tafi sai duk igiyoyin suka tsinke lokaci ɗaya. Idan ka je ka zauna gabansa ka ce, "Baba, yaya zuciyarka?" zai ce maka lafiya lau, ya kawo zancen damina. Ba ƙarya yake yi ba, bai saba ba ne. Abin da ya fi aiki shi ne a zo masa da buƙata: a ce ana son shawararsa kan gyaran rufin majami'a, ko a roƙe shi ya raka matasa gonar ikkilisiya ya nuna musu yadda ake yi. Yana aiki, hannunsa da ƙasa, idonsa ba a kan naka ba, a nan ne zai fara ambaton sunanta.